Bango Ɗaya da Malam Bawa

Wuya muka sha, babu wani daɗi a ciki. Duk wanda ya ce maka ƙuruciya a unguwar Nakkasa, can ƙasa mai tsarki, daɗi ce, bai taɓa hawa dutsen nan da ruwa a kafaɗa ba. Ina ɗan shekara goma, cikin shekarun sittin, wata guda bayan Hajji, na dawo da garwa biyu na tarar da ɗakinmu a ƙasa. Langa-langan da muka buga daga garewanin kananzir duk a warwatse, mahaifiyata na zaune cikin rana riƙe da ƙanwata. Wani mutum da ya ce dutsen na kakansa ne ya zo da ƙarti huɗu, kafin azahar sun gama.

A lokacin kowa nesa da kowa yake kafa ɗakinsa, wannan a bayan dutse, wancan cikin kwari, don kada a gan mu da yawa, mu da ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama. Dabarar nan ita ta cuce mu. Gida tilo, mutum huɗu sun ishe shi. Sai mutane suka fara matsowa, ɗaki jikin ɗaki, bango ɗaya na gida biyu, lungu guda wanda jaki da ƙyar yake wucewa, dattawa suka kafa doka kan ruwa da shara da awaki. Babana ya ƙi. "Ni Bakano ne," in ji shi, "ba zan yi tari Basakkwace ya ji ba." Malam Bawa yake nufi, mai awakin da suka taɓa cinye mana tabarma.

Kwanaki 'yata mai karatun tarihi take gaya mini haka manoman Japan suka yi. Da can kowa gidansa na bakin gonarsa, da yaƙi da masu haraji suka matsa musu, suka dunƙule wuri guda, suka haƙa rami kewaye, suka yi wa kansu doka. Na ce mata, "Ya binti, ba sai kin je Japan ba." Yanzu an fara rushe lungunan nan, ni kuwa ina haya a unguwar Ka'akiyya, ban san sunan wanda ke bayan bangona ba.

Ranar da aka rushe ɗakinmu babana ya rantse a wurin zai sake ginawa, ko za a rushe sau goma. Da gari ya waye ban ce masa komai ba. Na ɗora langa-langa a ka, na gangara, na jingina shi da bangon Malam Bawa. Tsohon ya leƙo ya ce, "Ɗan Kano, ubanka ya sani?"

Na ce, "Zai sani, Baba."

Na koma na ɗauko na biyu.