Injin da Kansa Ke Ƙasa

Saura wata ɗaya iƙamata, wato katin izinin zama, ta mutu, kafilina, maigidan da ya tsaya mini, ya kira ni rumfar da ke bayan gidan hutunsu, can wajen Riyad. Shekarata shida ke nan ina gyara masa motoci. Duk wanda ya zauna Saudiyya ya san yadda wannan watan yake: ana gaishe ka kana amsawa, amma hankalinka na kan katin nan, domin in maigida bai sabunta shi ba sai jirgin gida. Ni kuwa a satin na riga na ɓata masa rai, motar da na rantse ta gyaru ta mutu masa a tsakiyar titi.

Ya yaye wani tamfol. Ƙarƙashinsa wani dogon inji ne mai silinda huɗu a jere, an ɗaure shi a kan ƙafafun ƙarfe.

"Na mahaifina ne," ya ce. "Injin jirgin sama, ƙirar Ingila. Ranar Asabar bayan la'asar zan kawo tsohon ya ziyarce shi. Ka share ƙura kawai, ya mu'allim. Ka ji? Kawai."

Na ji mana. Sai dai ni bakanike ne, a Damagaram na koyi aiki a kan tsofaffin motocin Faransa, kuma idona ba ya iya ganin karkatacce ya wuce. Da ya tafi na zagaya injin sau uku. Silindojin suna kallon ƙasa, filogi dab da daɓe, karanshaf kuma a sama. Na ce a raina, wane jakin ne ya ɗaura wannan a kife? Nan take na ga hanyar wanke laifina. Zan miƙar da shi, maigida ya san ba banza yake ajiye ba.

Ranar Alhamis na kawo sarƙar ɗaga inji. Tun daga notin farko injin ya gargaɗe ni, ban ji ba. Sifana mai lamba sha uku ta ƙi shiga, sha huɗu kuma tana lilo. Na gwada na Amurka, su ma haka. Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni na danna sha huɗu da ƙarfin tuwo, noti uku suka kwance, na huɗun ya sulɓe har kusurwoyinsa suka cinye, sai da filaya na fitar da shi. Na juya injin, tsohon baƙin mai ya tsiyayo daga murafen kansa ya bi jikinsa. Na goge, na ɗauki hoto ina jin kaina.

Bayan sallar Juma'a muna cin shinkafa a unguwarmu ta Manfuha da wani ɗalibi Bakano, mai karatun hadisi amma ba ya barin rubutu ya wuce shi ko na jikin kwali ne. Na nuna masa hoton kafin gyara da na bayan gyara. Ya daɗe yana latsa wayarsa, sannan ya ajiye cokali.

"Malam, kada ka ce na cika surutu, amma ai haka aka yi shi."

Ya karanto mini yana fassarawa. Injinan farko na wannan kamfani a miƙe suke kamar na mota, amma kawunan silinda sukan tare wa matuƙi gabansa. Sai maƙeran suka kifa shi da gangan, karanshaf ya koma sama, farfela ta ƙara nisa da ƙasa, matuƙi ya samu ganin hanya. Mai ma aka ba shi tankinsa daban. A kan irinsa matuƙa da yawa suka koyi tashi. Wato abin da Turawan Ingila suka yi shekaru suna nazari, ni na warware shi tsakanin azahar da la'asar.

Garin neman gira zan rasa ido. Na bar shinkafar na nemi motar haya, ina tuna matata da 'ya'yana huɗu da katin nan yake ciyarwa. Kafin magariba na mayar da injin a kife, na wanke shi da fetur. Notin ne ya gagara. Da safiyar Asabar na bi shagunan kayan gyara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya juya shi a tafin hannu ya ce ma fi, wato babu. Na mayar da shi can bayan ƙafar ƙarfe na shafe da giris. Tsoro nake ji sosai, ko ruwa ban iya sha ba ranar.

Tsohon ya zo riƙe da hannun ɗansa. Ashe idonsa ya tafi, kuma Allah ya yafe mini, na ji sanyi da na gane haka. Farin cikin bai daɗe ba. Ya ɗora tafukansa a kan injin yana bin sa a hankali, yana ba ɗansa labarin yadda ya yi aiki da Turawa yana saurayi, da yadda ake tayar da irin wannan da hannu, a finciki farfela a ja baya. Yatsunsa suka sauka ƙasa, suka zagaya baya, suka tsaya. Ya kai su hanci.

"Je mota ka ɗauko mini jakata," ya ce wa ɗansa.

Da takun ɗan ya yi nisa tsohon ya juyo inda yake jin numfashina.

"Ka juya shi."

"Na juya, ya ammi," na ce, yadda Larabawa suke kiran baffa.

"Da sha huɗu?"

"Da sha huɗu."

Ɗan ya dawo da jakar. Ni dai ina tsaye ina lissafin abin da zai shiga akwatina. Tsohon ya kwance wani ƙyalle, ga sifanu takwas sun yi baƙi don tsufa. Ya ce lambar da ke jikinsu ba faɗin kan noti take nufi ba, kaurin ƙusar take nufi, haka mutanen Ingila suke awonsu. Sannan ya ce wa ɗansa, "Wannan mutumin naka bai san komai ba. Ka bar mini shi shekara guda, duk Asabar ka kawo ni."

Ranar Litinin aka sabunta iƙamata. Har yau kafilina bai san an taɓa noti ko ɗaya ba.

Asabar talatin da wani abu muka yi tare, yana zagina cikin raha ina miƙa masa shayi, kafin Allah ya karɓi abinsa. Bayan zaman makoki 'ya'yansa suka ba da injin, mota ta zo ta ɗauka. Sifanun da tsohon ya bar mini suna ƙarƙashin katifata a Manfuha, kuma duk garejin maigida babu notin da suke kamawa. Watan sabuntawa ya sake zagayowa. Jiya kafilina ya wuce ni a bakin ƙofa na gaishe shi, ya ɗaga hannu yana waya, bai tsaya ba.