Koriyar Motar Wendell Kangas

Wendell Kangas mai fentin motoci ne, ko da yake lokacin da na kama hayar gidan da ke jikin nasa a garin Soo na jihar Michigan a Amurka ya riga ya ajiye aiki. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa. Idan yana magana da kai sai ka ga hannunsa yana shafa duk abin da ke kusa, bango ne ko tebur, yana laluben inda bai yi sumul ba. Matarsa Noella 'yar tsallaken kogi ce, daga ɗaya Soo ɗin ta lardin Ontario a Kanada, wadda muke hango hayaƙin masana'antar ƙarfenta daga bakin titinmu. Ya auro ta tun suna da ƙuruciya ya ƙetaro da ita gada, kuma a faɗarta tun ranar take jiran ya mayar da ita.

A garejinsa akwai motar da ya gina da hannunsa. A akwatunan katako ta zo daga wani kamfani can kudu: firam na bututun ƙarfe, bodi na faiba mai kama da roba mai tauri, da buhunan noti. Inji da giya kuwa daga wata tsohuwar mota da ta yi haɗari ya ciro su. Irin motocin tseren da ce, kujera biyu, babu rufi. Noella ce ta ɗinka fatar kujerun da kekenta a kan teburin cin abinci, ta ce allurar da ta karya a aikin nan ta isa a buɗe shago.

Masu gina irin waɗannan motoci suna da wata al'ada. Da zarar inji ya tashi, burki ya kama, fitilu sun kawo, sai mutum ya kai a duba ta, a buga mata lamba, a ba ta takarda, ya hau titi da ita haka nan, bodi toka-toka babu fenti. Sukan ce motar tana yawo tsirara. Sauran aiki sai a bi shi a hankali, wani ma har ya mutu bai gama ba. Motar Wendell ta tashi a shekara ta uku. Abokansa suka ce ya kai ta a yi mata rajista, ya ƙi.

"Duk rayuwata ina rufa wa motocin mutane asiri," ya ce da ni, "sannan tawa ta fita tsirara a garin nan? Kowa ya nuna ya ce ga motar mai fenti?"

Sai ya ci gaba da gogewa. Ya ce faiba tana motsi da zafi da sanyi, don haka yakan bar bodin a rana duk tsawon lokacin zafi ya zauna daram, sannan ya sake bin sa da sanfefa. Ya fesa mata kore ya kankare, ya sake fesawa ya sake kankarewa, saboda wani ɗan tudu a kafaɗar baya da babu mai ganinsa sai shi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Shekara goma sha bakwai ya yi kafin ya yarda an gama.

Duk ranar Asabar ƙanin Noella, Armand, tsohon direban babbar mota mai jinin Faransawa, yakan ƙetaro da a-kori-kurarsa ya tsaya a ƙofar gareji da kofin kofi a hannu.

"Ba'amurke, yau ma shafar ake yi? Da yayata kake lallaɓawa haka ai da tuni ta koma budurwa."

"Rufe mini ƙofa, Bafaranshe, kana shigo mini da ƙura."

"Ƙurar ce kaɗai za ta taɓa hawa motar nan."

Amma an hau ta. Shekara biyu suka yi suna morarta, daga narkewar ƙanƙara zuwa faɗuwar ganye. Ran Lahadi sukan ƙetare gada su ci miyar wake da naman alade a gidan Armand, Noella ta ɗaure gashinta da ɗankwali, shi kuwa ya sa hular da ta saya masa. Ma'aikatan kwastan har fitowa suke yi daga ɗakinsu su zagaya motar. Fentin nata idan ka leƙa za ka ƙirga haƙoranka a ciki.

A cikin haka ƙodar Noella ta gaza. Aka ce sai wankin ƙoda sau uku a mako. Ta ce gida take so ta koma, kusa da ƙaninta da 'ya'yan 'yan'uwanta, da cocin da aka yi mata baftisma, da asibitin da ke can. Wendell bai yi musu ba ko kaɗan. Ya nemi izinin zama a matsayin mijinta, aka ɗauki lokaci, aka ba shi. Sannan wata safiya ya ƙetara zuwa ofishin kwastan ya tambayi yadda zai shigo da motar, kamar yadda mutum zai tambayi batun firij ko gado.

Da ya dawo na same shi zaune a kan matakalar gidansa, ya ba ni labarin yadda aka yi. Wata mata ce ta saurare shi, mai ladabi, ta ma san motar. Ta tambaye shi yaushe aka gama ta.

"Shekara goma sha tara ke nan da na buɗe akwatinta," ya ce da ita.

"Ba ranar buɗe akwati nake tambaya ba, Mista Kangas. Ranar da ta zama mota."

Takardarsa kuwa shekara biyu ta nuna. Matar ta yi masa bayani cewa motar da mutum ya haɗa da kansa ba ta shiga ƙasar ta zauna sai ta cika shekara goma sha biyar, domin babu kamfanin da zai tsaya mata ya ce ta cika ƙa'idojin da ake gina sababbin motoci a kansu. Tsohuwa ake ɗaga wa ƙafa, sabuwa kuwa a'a.

"Na ce mata, 'Yarinya, makon jiya na wuce ta nan da ita, ke da kanki kika ɗauke ta hoto.' Ta ce ai a matsayin baƙo na wuce. Baƙo yana shiga da motarsa ya fita da ita. Mazauni ba shi da wannan damar." Ya shafa katakon matakalar. "Ni sun karɓe ni, da ciwon gwiwata da komai. Ita ce ba su karɓa ba."

Shekarunsa saba'in da uku a lokacin. Na ga shi ma ya riga ya yi lissafin. Da ya bi abokansa ya fitar da ita tsirara a shekara ta uku, da yanzu ta wuce shekarun da ake nema, da ta bi shi kamar kowace tsohuwar mota. Kowa ya san haka a unguwar, amma Armand ne kaɗai ya iya faɗa.

"Ka goge shekara goma sha huɗu da sanfefa, suruki. Ga su can a ƙasan gareji, sai ka share ka kai musu a leda."

Shi ne kuma ya kawo shawarar a kwance ta, ya riƙa ƙetarawa da ita gunduwa-gunduwa ƙarƙashin itacen wuta. Wendell ya ce ko an kai ta can, wa zai ba ta lamba ba tare da shaidar shigowa ba? Ban da haka, shi ba zai sa sifana a jikin fentin nan ba, kuma bai taɓa yi wa hukuma ƙarya ba, ba zai fara da furfura ba. Ya yi ta buga waya, ya je wajen dillalan da ke fitar da kaya daga kwastan, ya tambayi masu irin motarsa na tsallake. Kowa amsa ɗaya ya ba shi.

Daga nan ya fito da tasa dabarar. Ina shanya kaya a bayan gida na ji su ta kan shinge, yana faɗa wa Noella.

"Ke ki koma wurin Armand, ni in ci gaba da zama a nan. In dai a nan nake zaune, ai baƙo ne ni, ina iya zuwa da ita kullum. Gada ce kawai, Noella."

"Na san gadar. Na san tsawonta."

"Kullum zan zo. Kafin ki sha shayin safe na iso."

"Har yaushe, Wen?"

"Har in samo hanya."

Sai ta ce ya tuna ya riƙa ba tumatirinta ruwa.

Haka aka yi. Da ƙanƙara ta narke ta koma ɗakin ƙasa a gidan ƙaninta, shi kuwa ya zauna. Kullum da safe nakan ji rurin motar ta fita, da yamma ta dawo. Amma lokacin zafi layin gada yakan yi tsawo saboda masu yawon hutu, sau da yawa kafin ya isa Armand ya riga ya kai ta asibiti. Ko ya isa da wuri ma motar ba ta da amfani a ranar wanki. Ƙasa take sosai, salansarta a gefe take tana ƙona ƙafa, Noella kuwa idan ta fito daga wankin nan ko tsayuwa da ƙyar take yi. Sai ya bi bayan a-kori-kurar Armand shi kaɗai a koriyar motarsa, mutane suna ɗaga masa babban yatsa a danja. Ya rame. Kwandon shararsa ya cika da gwangwanayen miya. Tumatirin dai bai taɓa kwana da ƙishi ba.

Wata rana a watan Satumba Noella ta tashi da ɗan ƙarfi, ta ce ya kawo ta ta ga lambunta. Na gaishe ta ta kan shinge. Ta tsinki tumatir cike da kwando, ta leƙa kicin ta fito, suka tafi ya mayar da ita. Da ya dawo da la'asar sai ya tsaya a bakin gareji ya kashe inji, bai fito ba. Na ga zaman ya yi yawa, na je na tambaye shi ko lafiya.

Ya ce wani sabon ma'aikaci suka tarar a tagar kwastan, yaro ne, bai san su ba. Ya karɓi fasfo ya tambayi inda suke zaune. Wendell ya ce Michigan, Noella ta ce Ontario. Yaron ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce to mene ne tsakaninsu.

"Na buɗe baki zan amsa, ta riga ni. Ta ce, 'Baƙo ne. Yakan zo gaishe ni, mutumin kirki ne.'"

"Wasa take yi, Mista Kangas."

"Na san wasanta. Shekara arba'in da shida ina jin sa." Ya riƙe sitiyarin da hannu biyu. "Ba ta ko kalle ni ba. Kwandon take kallo. Yaron ya tambaye ni yaushe zan fita daga ƙasar, na ce yau. Ya ce in sauka lafiya."

Kafin ƙarshen wata ya sa gidan a kasuwa. Masu son motar suka yi ta zuwa, har daga nesa, ya ƙi sayarwa. Ya roƙe ni in bar ta a garejin gidan da nake haya, tunda ni ba ni da mota, mai gidan kuma ya yarda. Ranar tashi ya shiga da sifana, abin da ya rantse ba zai yi ba, ya kwance kujerun nan biyu da Noella ta ɗinka, ya naɗe su da bargo ya ɗora a bayan a-kori-kura tare da tukwane da kekenta na ɗinki. Kujera dai kaya ce, babu mai tambayar shekarunta.

"Saura shekara goma sha uku," Armand ya ce yana ɗaure igiya. "Lokacin kana da shekara tamanin da shida. Ni zan tura, kai ka riƙe sitiyari."

"Kai za ka kai lokacin, da wannan tumbin?"

"Don in ga ƙarshen motar nan kawai zan kai."

Wendell ya ja tamfol ya rufe ta, ya bi gefensa yana miƙar da inda ya tattare. Bai waiwaya ba da suka tafi.

Na ziyarce su sau ɗaya kafin sanyi ya kankama. Kujerun suna barandar Armand ta baya, an ɗora su a kan katako, suna fuskantar kogi. Noella tana kan ɗaya da bargo a ƙafafunta, ta ƙara ramewa, shi yana kan ɗayar yana ɓare mata lemo. Ta ce da ni tsohon nan ya dame ta, yanzu ƙofar ɗakinta yake so ya goge ya sake fenti. Ya tambaye ni ko ɓera bai shiga wayoyin ba, ko ina ɗaga tamfol ɗin ta sha iska. Yana tambaya yana kallon tsallake.

Da farko yakan biyo Armand ran Asabar, ya ɗora akwatin madara inda kujerar direba take, ya zauna ya tayar da inji ya bar shi ya yi zafi, sannan ya kashe. Daga baya jikin Noella ya ƙara nauyi, ba ya iya barin ta. Yanzu waya yake bugo mini. Nakan je garejin in zauna a kan akwatin madarar in murɗa makulli, in ɗaga wayar kusa da salansa. Numfashinsa kawai nake ji. Can sai ya ce, "Ya isa, kashe ta," in ji muryar Noella daga nesa tana kiransa.