Hannun Daman Baba Kolo

Kullum da safe Baba Kolo yakan turo kekensa daga Kara-Kara zuwa asibiti. Ba ya hawa, tayar ta daɗe da mutuwa. Ya buɗe ɗakin radiyo, inda ake ɗaukar hoton cikin mutum, ya zauna jiran wuta. In ta zo a yi aiki. In ba ta zo ba a yi hira.

Na san shi a farin da ya wuce, da na kawo Inna daga Dogo tana tarin jini. Lokacin tafasa muke ci. Injin nan so yake mutum ya tsaya cak ya riƙe numfashi, mai yunwa kuwa ba ya tsayuwa. Inna ta zube.

Baba ya ɗaura mata rigar darma mai tare haske, rigar guda ɗaya ce tak a ɗakin. Ya tallabe ta ta hammata, ya ce wa abokin aikinsa, "Habu, danna."

"Malam, hasken nan fa cin jiki yake."

"To zo ka riƙe ta."

Habu ya danna.

Hoto ya nuna ciwon daji a huhu. Inna ba ta ga damina ba. Amma ta huta da yawon masu magani, ta mutu a ɗakinta. Hajara mai shara ta ce haka Baba yake yi wa duk wanda ƙafa ta ƙi ɗauka, 'yan Zermu, 'yan Dogo, shekara da shekaru.

Makon jiya Baba ya aje aiki, aka yi taro. Wani babba, da kwat a wannan zafi, ya yi mana bayanin Turawa masu harba ƙwayoyin da ido bai gani, su yi karo a rami, wai daga iliminsu aka ƙera injin da ke ƙone ciwon daji. Ni ban shiga ajin lakwal ba, a jikin kwalin magani na koyi karatu, sai na tambaya ina injin yake. Ya ce ƙasar waje. Aka tafa. Aka miƙo agogon bango, Habu ya karɓa, don hannun daman Baba a naɗe yake.

Gyambo ne ya ƙi warkewa. Shi ma daji ne. Likita ya ce bayan Sallah za a yanke.

Kai ne bangon jingina, Baba. Kai ka tsaya inda masu kwat ba sa tsayawa. Na tambaye ka ko kana da-na-sani, ka ce, "Ke 'yar nan, wace irin tambaya! Abin da ke damuna, da hagu zan ci tuwo, jikokina na kallo."

Mun gode, Allah ya biya ka. Jama'a, bana ma ruwa bai zo ba, masu zubewa suna hanya. Ku tallabi wani. Wanda kuma ya je gaishe da Baba bayan Sallah, in an kawo tuwo, kar ya yi wa'azi. Ya sa hagu shi ma.