Ajwa Bakwai da Ƙwaya Ɗaya

A duk faɗin unguwarmu ta Al-Ranuna a Madina babu wanda ya kai ni gane marar gaskiya. Shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da dabino kusa da masallacin Ƙiblatain, har ta kai idan alhaji ya doso shagona, tun kafin ya yi sallama na san ko saye ya kawo shi ko ɗanɗane zai yi ya cika ciki ya wuce. Wani manomi a Khaibar ya taɓa cusa mini dabinon bara a ƙasan kwali, ta waya na jiwo warinsa. Wannan baiwar na shigo da ita cikin gida a shekarar da 'yata ta cika sha uku, kuma saura ƙiris ta raba ni da dangin matata.

Yarinyar da ciwo aka haife ta, wanda likitocin nan ke kira talayyuf kisi, Turawa kuma sistik faiburosis. Gado ne daga ni da uwarta, don 'yar baffana na aura. Majina mai kauri ke cika mata huhu, cikinta kuma ba ya tsotse maiƙon abinci sai ta haɗiyi ƙwayoyin narkarwa, waɗanda muke kira inzim, a kan kowane ci. Ban da su akwai ƙwayar bitamin guda ɗaya kullum, ta masu irin ciwon, daga kantin maganin asibiti. Safe da yamma ana bubbuga mata baya da tafin hannu don majinar ta saki. Uwarta ke yin na safe. Na yamma ƙanwar matata ke yi, wadda ke zaune a benen da ke samanmu, abokiyar wasana tun tana 'yar firamare.

A wannan shekarar ƙirjin yarinyar ya tashi, ta daɗe tana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Bayan ta samu sauƙi, wata Juma'a ta naɗe hannun riga za ta yi alwala, sai na hango jini ya kwanta a damtsenta, baƙi ƙirin, kamar an dasa babban yatsa an danna. Na tambaye ta da Hausa, ta amsa da Larabci yadda yaran yanzu suka saba, ta ce ba ta sani ba. To ni duk wanda na taɓa kamawa da dabinona a aljihu, da "ban sani ba" ya fara. Cikin kwana goma tabo ya fito a ƙwauri, wani a baya. Ta yi haɓo sau biyu. Na ga jini a burushinta.

Makaranta ce na fara zargi. Namiji ba ya shiga makarantar 'yan mata, sai na tsaya a ƙofa ina yi wa mai gadi tambayoyi, wa ke faɗa da wa, wace malama ce mai saurin hannu, har ya gaji ya nemi in nuna masa katin shaidata. Matata ta kira malamar ajin, aka ce ko kallon banza babu mai yi wa yarinyar. Ban yarda ba. Sai hutu ya zo, yarinya tana gida, tabo ya ƙaru. Dole na wanke makaranta, ba don raina ya so ba.

Wa ya rage da ke taɓa jikinta kullum? Na tuna cewa a wani biki na taɓa faɗa a gaban mutane cewa shinkafar ƙanwar matata za a iya gina katanga da ita, ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Na fara rufe shago da wuri ina laɓewa bayan ƙofa, ina sauraron bugun. A kunnena kamar ana sussukar gero a ƙauye. Kwana uku ina tara hujja, a na huɗu na shiga na ce ta sassauta hannu, idan da abin da ke ranta ta faɗa mini ni, ba bayan yarinya ba.

Ta tsaya da hannu a sama. "Mijin Yaya, shekara goma ina buga bayan nan. Yau ne hannuna ya zama taɓarya?"

Ta ɗauki mayafinta ta hau bene. Daga ranar kwanon abinci ya daina saukowa, namu ma idan ya hau sai ya dawo yadda ya tafi. Na karɓi bugun yamma da kaina, a hankali, kamar mai kaɗe ƙura daga farar riga. Tari ya ƙaru, don majina ba ta san lallashi ba. Tabon kuma bai fasa fitowa ba, har da wani sabo a cinya inda babu mai bugawa.

Nan zargina ya juya kan yarinyar kanta, na ce tofar da magani take yi. Na zazzage kwandon shara, na ɗaga katifa, na leƙa bayan na'urar sanyaya ɗaki. Ban samu komai ba sai wani ɗan kunne da aka shekara ana nema. Kuma ina sane da cewa ƙwayar bitamin ni nake sa mata a tafi kowace safiya, ina kallon maƙogwaronta har ta wuce.

Ana cikin haka matata ta ce muna da mau'idi a asibiti, wato ranar ganin likita. Na ɗauka wanda aka saba ne na duk wata uku. Aka ɗebi jini, likitar ta duba sakamako ta ce jinin yana jinkirin daskarewa saboda bitamin K ya yi ƙasa sosai. Shi ke taimaka wa jini ya tsaya, yana kuma da aiki a ƙashi, kuma masu wannan ciwon sukan rasa shi. Bugun baya ba shi da laifi, in ji ta, jiki ne ya zama ko hannun kujera ya taɓa shi sai jini ya kwanta. Dogon maganin da ta sha ya ƙara, don yana kashe har ƙwayoyin hanji masu taimakawa. Sai ta tambaya yaushe ake ba yarinyar ƙwayar bitamin.

Na gyara zama. Na yi mata bayanin tsarina, wanda ni na ƙirƙiro shi wajen wata takwas da suka wuce. A da uwarta na ba ta da abincin rana, cikin hayaniya da mantuwa. Ni kuwa na mayar da ita bayan sallar asuba, ciki babu komai, tare da dabinon ajwa bakwai da kurɓin zamzam, yadda kowane ɗan Madina ke buɗe safiyarsa. Idan albarka ta shiga gaba, ƙwaya ta biyo baya, me kuma ya rage? Kuma ajwar zaɓaɓɓiya ce, daga shagona.

Likitar ta ajiye biro, ta kira ni da ammi, wato baffa da Larabci. "Ammi, ajwar ta ci gaba da ci, babu wanda zai hana ta. Amma dabino ba shi da maiƙo. Wannan bitamin ɗin sai da maiƙo yake shiga jiki, maiƙon kuma a jikinta sai da inzim. Wata takwas ƙwayar tana wucewa ne kawai."

Ta rubuta ƙarin bitamin K na wani lokaci, ta ce a haɗa ƙwayar da wake mai man zaitun ko abincin rana, tare da inzim, a dawo a sake auna jinin. Haka aka yi, kuma cikin 'yan makonni haɓon ya tsaya, tabon ya dushe.

Amma a ranar da muka ga likitar, muna mota kan hanyar gida, mun wuce masallacin Ƙuba. Yarinya na baya tana danna waya. Sai na ce duk da haka a gode wa Allah da ya ba ni ido, don da ban hango tabon nan ranar Juma'a ba, da yanzu wani zancen ake yi.

Matata ko juyowa ba ta yi ba. "Baban yara, sati biyu kafin ka gani na gani, kuma ni na roƙi mau'idin nan. Kai dai in mun isa ka hau bene ka ba ƙanwata haƙuri, kuma don Allah kada ka ce za ka yi mata bayani."