Shafin da Yayana Yake Nema

Yayana kurma ne. Sanƙarau ya kama shi tun bakinsa bai gama buɗewa ba, ya tashi da ransa amma ba kunne, maganar ma ta bi jin ta tafi. A gidanmu na Iware ba mu taɓa ɗaukar abin wata masifa ba, don da hannu yake magana, kuma surutu gare shi kamar me. In ya fara ba ka labarin yadda birai suka shiga masa gonar masara, sai ka roƙe shi ya bar ka ka ci tuwonka. Haka muka yi ta hira da shi har furfura ta kama mu duka biyun. Bara da damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi. Hannun dama ya mutu, na hagu kuma sai rawa, ko alamar ruwan sha ba ya iya yi sosai.

Mun yi makonni a asibiti nan Jalingo. Ina yi masa magana da hannu, yana kallona yana ganewa, amma amsa babu. Da aka sallame shi, ƙanwarmu ta mayar da shi Iware, don ita ke zaune da shi tun da mijinta ya rasu. Ni kuwa na dawo unguwarmu ta Mayo Gwoi, gidan da ba kowa sai ni. Na yi ritaya daga ofishin ajiye fayil na wata ma'aikata, matata ta rasu, yaran suna Abuja, sai ranar Lahadi bayan coci su kira su tambaye ni ko na sha magani. Yayan nan nawa shi kaɗai ya rage wanda ya san ni tun ina yawo ba wando, ga shi kuma ba ma iya ce wa juna komai. Abin ya fi ciwon nasa damuna.

Wata ranar kasuwa ƙanwarmu ta shigo gari, ta dire mini wani tsohon buhun taki a bakin ƙofa.

"Yaya, ga wannan datti," in ji ta. "Lokacin da muna asibiti rufin ɗakinshi ya yi yoyo, ruwa ya shiga ƙarƙashin gado. Tun da mun koma kullum yana nuna wurin da ido, yana nuna, yana nuna. Na jawo mishi, ya ga yadda ya zama, sai ya juya fuska bango. Na so in ƙone ma. Kai ne mai takarda, ka gani ko zai gyaru."

Ban buɗe buhun ba na san abin da ke ciki.

Babanmu kuku ne a gidan wani malamin mishan. Da mutumin zai koma ƙasarsu, ya bar masa kwali guda na littattafan yaransa, irin masu ba da labari da zane, waɗanda muke ce wa komik. Kowane shafi an raba shi gida-gida, mutane suna gudu suna faɗuwa, maganarsu tana cikin wani ɗan kumfa a saman kansu. Ni nakan tsaya ina haɗa Turancin da ƙyar, shi kuwa fuskoki yake karantawa, kafin in gama layi ɗaya ya riga ya kai ƙarshe yana dariya. Daga baya ya fara yage shafukan da suka yi masa, daga wannan littafi da wancan, ya jera su yadda ransa ya so, ya kai wa mamarmu ta ɗinke masa da basilla da zaren buhu. Suka zama ɗauri ɗaya mai kauri.

Ɗaurin nan shi ya zama bakinsa na biyu. Abin da hannu ya kasa faɗa, ko wanda yake jin nauyin faɗa, sai ya buɗe ya danna babban yatsa a kan hoto. Akwai wani mai tumbi da kare ya biyo, wannan kawunmu ne. Wani mutum yana leƙa tukunya ba komai ciki, yunwa ke nan. Babbar mota ta juya baya tana tafiya, wato tashi ka kama hanya kada rana ta faɗi maka. Mutum biyu a ƙarƙashin lema ɗaya ana ruwa, wannan kuma kada ka tafi. Ranar da muka binne mamarmu, wata kujera ya nuna mini wadda ba kowa a kanta. Da yake mai cin goro ne, kuma sai ya lashi yatsa yake juya takarda, duk hoton da yake yawan taɓawa yana da jan tabo.

Abin da na zazzage daga buhun kuwa dunƙule ne kamar na daddawa. Zaren ya ruɓe, shafukan sun manne, funfuna ta yi fari a wani gefe ta yi baƙi a wani, ga kashin kyankyaso, gara kuma ta ci kusurwa ɗaya. Warinsa sai da ya sa na buɗe tagogi. Amma na yi murna, Allah ya sani. Na ce a raina hannunsa na hagu ko yana rawa ai zai iya danna hoto. In na gyara wannan, yayana zai sake yi mini magana.

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce in baza shafukan a kan kwanon rufi rana ta buga, kamar ana shanyar barkono. Na yi mata godiya na shige da kayana. Takarda ba ta son rana, nannaɗewa take yi ta bushe ta karye, wannan ko mai sharar ofishinmu ya sani. A inuwa na ajiye dunƙulen a ɗakin yara, in an kawo wuta fanka ta yi ta busa shi, in an ɗauke in zauna da mafici. Sai da ya sha iska ya yi ɗanye-ɗanye, sannan na ɗauko siririyar wuƙar tebur na fara zura ta tsakanin shafi da shafi. Wani ya rabu da sauƙi, wani sai na yi rabin safiya a kansa ina lallashi. In na yi gaggawa, fuskar mutum sai ta bar shafinta ta bi na gaba.

Funfunar da ta bushe da tsohon burushin aski na nake share ta, a waje, na ɗaure hanci da hankici. Dattin da ya kama jiki kuma, robar goge fensir na goga a abin goga kuɓewa ta zama gari, in barbaɗa a kan shafi in murza da tafin yatsa a hankali har garin ya yi baƙi. Na ga wani a waya yana yi da cikin burodi, na gwada, ya yi aiki kuwa, sai dai washegari tururuwa suka zo biki. Inda ya yage na dama sitaci ɗan kaɗan na liƙa da takarda mai shara-shara ta baya. Wanda ya yamutse na shimfiɗa masa tsohon zanen matata a kai, na bi da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, sannan na sa shi tsakanin katako biyu na kife turmi a sama. Warin kuma gawayi ya shanye shi, cikin akwatin ƙarfe na rufe su tare.

Tun rasuwar matata ban taɓa tashi da safe ina da abin da ke jirana ba sai a watannin nan. Shayi ma a tsaye nake sha. Na kama kaina ina gaisa da mutanen cikin zane, ina ce wa mai tumbin nan, kawu, har yanzu karen bai bar ka ba? Ba mai ji, ba mai amsawa, amma gidan ya rage faɗi. Ranar Lahadi yaran suka tambaya me nake yi, na ce wanki nake yi wa takarda. Suka yi dariya suka ce in dai na sha magani shi ke nan.

Jan tabon goron ya fi komai ba ni wahala, shi ya sa na fi alfahari da shi. Auduga mai ɗan laima nake dannawa in ɗaga, in danna in ɗaga, har ya koɗe ya kusa ɓacewa. Laima kuma ta sa kowane shafi ya bar inuwar zanensa a jikin maƙwabcinsa, ita ma na bi ta na goge iya iyawata.

Sai maganar jerawa. Duk shafin da na raba, nakan shimfiɗa shi inda na sami wuri, a kan gado, a kan tabarma, a ƙasa. A ƙasan kowanne akwai 'yar lamba. Mutumin da ya yi fiye da shekara talatin yana mayar da takarda gidanta, in ya ga goma sha biyu kusa da arba'in, hannunsa ba ya neman izini. Hali zanen dutse. Ban zauna na yanke shawara ba, kawai na ga labarin ɗan sanda ya koma wajen 'yan uwansa, na masu jirgin ruwa ya koma wajen nasa. Ɗauri ɗaya ya zama 'yan littattafai sirara, kowanne da giɓinsa amma lambobi na bin juna. Na ɗinke su da farin zare, na yanka musu bango da kwali. Da na jera su a tebur, ji na yi kamar in kira maƙwabciyar nan ta zo ta ga abin da ta ce a shanya a kwano.

An fara haƙar doya na shiga motar Iware da su cikin jaka. Na iske shi a kujera a gindin mangwaro, an rufa masa zane a gwiwa, ya rame. Na nuna masa jakar, na yi alamar buɗe littafi. Idonsa ya kawo haske irin wanda ban gani ba tun kafin ciwon. Na fito da su na ɗora masa a cinya.

Ya dube su, ya dube ni. Sannan da hannun nan mai rawa ya tattara su wuri ɗaya, ya ɗora babban yatsa a gefen tarin, ya gangara da shi har kusa da ƙasa, ya buɗe. Bai kalli takardar ba, ni yake kallo. Sai a lokacin na tuna haka yake buɗewa tun muna yara, kamar mai sa hannu a aljihunsa. Ba ya neman hoto da ido, yatsansa ya san zurfin kowanne. Ya danna, yana jiran in gane.

Na sunkuya na duba. Ɗan sanda ne yana busa usur.

Ya ga fuskata, ya sunkuyar da kai shi ma. Ya rufe ya sake gwadawa, ya sake faɗawa kan ɗan sandan. Ya fara juya shafuka da ƙyar yana neman jan tabo, idonsa kuma ya yi rauni, duk sun zama fari ɗaya a wurinsa. Sai ya yi wani sauti daga maƙogwaro, ya ture su suka zube a ƙasa. Na tsince su ina buɗe masa ɗaya bayan ɗaya, wannan ne? wannan ne? Ya rufe ido. Kurma kuwa in ya rufe ido ya rufe ƙofa, ba ta inda za ka bi.

Ƙanwarmu tana tsaye da tsintsiya a hannu. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

"Ya yi kyau kam, Yaya," ta ce. "Amma ba nashi ba ne kuma."

Garin neman gira na rasa ido. Na zauna a kan turmi ina ƙoƙarin tuna me ke wajen ƙarshen tsohon ɗaurin. Iyakar abin da na iya kamowa, a can wajen ne tukunyar take, da motar, da lemar, amma wace ke gaban wace, ban sani ba. Sai na yi duka ukun. Na karɓi kunun da ƙanwarmu ta dama na ba shi da cokali, ya sha kaɗan. Na kwana. Da safe na kama hanya. Ko ba komai ɗaya daga ciki na cika masa, da wannan na yi ta rarrashin kaina a mota.

Ina isa gida na sa reza na yanke farin zaren, na sake baza shafukan a ɗakin yara. Na yi niyyar mayar da su yadda ya jera, in koma masa da su kafin Kirsimeti. Farkon na tuna, kawu ne da karensa. Bayan nan sai lalube. Inuwar da kowane shafi ya bari a jikin maƙwabcinsa ita ce za ta nuna mini wa ke kusa da wa, ita kuma ni na goge ta da hannuna. Na ɗaga su a hasken taga, na saka tabarau na cire, wasu na dace, mafi yawa ban dace ba. Ban kai rabi ba ƙanwarmu ta kira, tun kafin ta yi magana na ji muryoyin matan coci a bayanta suna waƙar makoki, na san yayana ya tafi.

Shafukan suna nan. Na haɗa su ɗauri ɗaya yadda na ga ya fi kusa, amma ban ɗinke ba, don ban tabbata ba. Yaran sun ce in zo Abuja in zauna da su, na ce sai na gama wani aiki. Da yamma, in na dawo daga sayen burodi gidan ya yi tsit, nakan ɗora ɗaurin a cinya, in kau da kai, in gangara da babban yatsa har kusa da ƙasa in buɗe. Kullum mutum biyun nan ne ke fitowa a ƙarƙashin lemarsu. Ni na sa su a wurin, na sani, amma ina buɗewa.