Karkatattun Takalman 'Yar Baduku

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ƙafar mutum yake fara kallo kafin fuskarsa. Baduku ne ɗan baduku. Daga ƙasar Nijar ya zo nan Ankara yana saurayi, ya kafa ɗan shagon katako a bakin hanyar da ta haɗa Nima da Maamobi, yana ɗinkin takalmi da gyara. Babu abin da ya tsana kamar karkataccen abu. Ko kalanda ya gani ta karkace a bangon wani, sai ya tashi ya daidaita ta kafin ya gama amsa gaisuwa. Ni kuwa mai koko da ƙosai ce, haifaffiyar Zango, bakina ba ya barin abu ya wuce. Nakan ce masa da za a ba shi dama da ya miƙar da lungunan Nima duka.

To, wannan mutumin ne Allah ya ba 'ya mai karkatattun ƙafafu.

'Yar fari ce, shi ya sa ba za ku ji sunanta a bakina ba. Ranar da na haife ta, na ga ungozoma ta yi saurin rufe ƙafafun da zane. Da na buɗe, na tarar da tafukan biyu sun juya ciki suna kallon juna, kamar hannun da aka haɗa za a kamfaci ruwa. Na yi kuka har muryata ta dushe. Da ubanta ya shigo, ya ɗaga zanen, ya daɗe yana kallo, ya ɗora ƙafafun a tafin hannunsa yadda yake yi wa mai son a auna shi. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Yatsu goma ne cif."

Na san abin da ke ransa, don shi ne a raina. Akwai wani bawan Allah mai gyaran agogo kusa da babbar kwatar Nima, wanda aka haifa da irin wannan ƙafar. A kan gefen ƙafa yake takawa, wurin ya yi kanta, in damina ta zo ya tsage ya yi ta ruwa. Maigidana ne ke yi masa wani irin takalmi na tayar mota, kyauta. Ran suna, bayan jama'a sun watse, ya ce mini, "Na yi wa mai agogo takalminsa shekara bakwai, kuma zan ci gaba. Amma ba zan yi wa 'yata irinsa ba, in Allah ya yarda. Da tafin ƙafarta za ta taka ƙasa."

Tsohuwar da muke haya a gidanta, wadda kowa ke kira Mma, ita ke yi wa jariran gidan wanka. Ta ce a bar mata. Kullum safe ta gasa ƙafafun da ruwan zafi, ta murza da man kaɗe, tana cewa, "Yaro-n nan ƙafa-n shi zai miƙe, kar ka damu, Amariya." Haka Hausarmu ta Zango take, mace da namiji duk ɗaya, abin da ke sa maigidana girgiza kai. Mma ta yi iyakar ƙoƙarinta mako uku, ƙafa tana nan yadda take. Wata nas 'yar Asante da ke sayen kokona ce ta leƙa bayana wata safiya, ta riƙe baki ta ce in kai yarinyar babban asibiti gobe-gobe, tun ƙashin bai yi ƙwari ba. Maigidana ya ce gaskiyarta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga nan Talata ta zama tamu. Kowace Talata ba na dama koko, shi ma ba ya buɗe shago. Mu shiga motar haya, wato trotro, har biyu kafin mu kai. Likita ya ɗan murɗa ƙafafun, a naɗe su da farin siminti tun daga yatsu har cinya, mako ya zagayo a cire a sake wani. Mu ne ke cire tsohon a gida da sassafe. In zaunar da ita a baho cikin ruwan ɗumi, uban yana warware zaren a hankali da ɗan yatsa. Wanda bai taɓa goyon yaro mai siminti a ƙafa biyu ba bai san ciwon haƙarƙari ba. Ga zafin gari, ga ƙaiƙayi da ke sa ta tsala ihu, ga fargabar kada fitsari ya jiƙa simintin. Matan gidanmu kuma suka samu abin faɗi, wai ba ni da kara, ina rungumar 'yar fari a bainar jama'a ina yi mata rawa. Na ce musu karar ta jira sai yarinya ta taka.

Shi kuwa bai taɓa fashin Talata ba. Shi kaɗai ne namiji a kan bencin mata, da hularsa da carbinsa, yarinya a cinya. In ana murɗa ƙafar ni fita nake yi, shi ke riƙe ta.

Bayan wata uku da wani abu aka cire siminti na ƙarshe, sai ga ƙafafu sun miƙe, jajaye, 'yan sirara. Aka ce mu dawo mako mai zuwa mu karɓi takalmin da zai riƙe su. Wannan Talatar ce kaɗai ya bari na tafi ni ɗaya, don Sallah ta matso, aikin mutane ya cika shago. A wani ɗaki bayan asibitin, wani saurayi mai ƙera kayan guragu ya ba ni 'yan takalma biyu da aka ɗaure da noti a kan sandar ƙarfe guda. Ya yi ta bayani da Turanci yana haɗawa da yaren Twi, yarinya tana ihu, mata suna jira a bayana. Abin da na kama shi ne: dare da rana, kada a cire sai wanka, a dawo bayan wata biyu.

Da la'asar na biya shago na nuna masa. Ya juya abin a hannunsa, ya ɗaure fuska. Takalman ba gaba suke kallo ba, kowanne ya baje waje, kamar ƙafar agwagwa.

Ya ce, "Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Wani yaro ne, da farar riga."

Ya ce, "Yaro kam. Dubi yadda ya ɗaure su a karkace. Da karkataccen takalmi za a gyara karkatacciyar ƙafa? Gaggawa ce ta yi masa yawa."

Nan take ya ture aikin Sallar mutane gefe. Ya kwance notin, ya daidaita takalman suka kalli gaba sak, ya auna da zare har sau uku. Ya shimfiɗa musu fatar akuya mai laushi a ciki, ya goge bakin ƙarfen da ke da kaifi. Kada in ɗora masa laifin shi kaɗai, ni ma abin ya burge ni. Yarinya ta daina kuka da aka sa mata. Na zagaya gida ina nuna wa mata, ina cewa su zo su ga aikin da ya fi na asibiti.

Tun kafin wata biyun su cika na fara ganin abin da ba na so in gani. In na cire takalman zan yi mata wanka, sai ƙafar dama ta koma ciki a hankali, dunduniya ta ɗage sama. Na ce wa kaina idona ne. Shi ma ya gani, na sani, don ya rage cin abinci.

Ranar komawa, likita ya duba ƙafafun, ya ɗauki takalman, ya aika a kira saurayin nan. Suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sai nas ɗin da ke yi mana tafinta ta tambaya wa ya taɓa notin. Ni har na buɗe baki zan ce faɗuwa abin ya yi. Maigidana ya miƙe tsaye, ya cire hularsa, ya ce, "Ni ne. Ki gaya masa ni baduku ne, na ga kamar kuskure ne, na gyara."

Likitan bai yi faɗa ba. Ya ɗauki wata takarda da ta naɗe a kan teburinsa, ya shimfiɗa ta, ya saki, ta koma ta naɗe. Sannan ya lanƙwasa ta baya sosai, ya saki, ta kwanta lumui. Kafin nas ta ce uffan, na ji maigidana ya ce, "Innalillahi." Haka yake yi wa kirgi kullum. Fatar da ta naɗe ba ta miƙewa sai an tanƙwara ta ta wuce daidai. Tun yana ɗan shekara bakwai ubansa ya koya masa wannan dabarar, kuma bai gane ta ba da ya gan ta a ƙafar 'yarsa.

Aka ce za a koma siminti, sannan a yi mata ƙaramin aiki a sassauta jijiyar bayan dunduniya, don ta ɗaure. Likitan ya ce yara da yawa sai an yi musu wannan aikin ko ba a taɓa takalminsu ba. Ni kunnena bai ɗauki wannan ba, kalmar wuƙa kawai na ji. Muna fitowa bakin titi na juya na ce masa, "Garin neman gira ka rasa ido. Kai da iyawarka ka kai ta ga wuƙa."

 Ya karɓi jakar daga hannuna, ya tare mana trotro. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunya ta rufe ni. Magana zarar bunu ce.

Ranar aikin shi ya dangwala yatsa a takarda, shi ya miƙa ta ga nas a ƙofar ɗakin. Muka zauna a baranda, rana tana dukan ƙafafunmu, ban kalle shi ba, bai kalle ni ba. Ina jin ƙarar carbinsa kawai. Ko awa ɗaya ba a yi ba aka fito da ita, da sabon siminti, tana neman nono. Daga baya na ga wurin, ɗan tabo ne da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

Abin da ya yi bayan haka shi ne dalilin da ya sa nake ba da wannan labarin. Talatar da ta biyo, ya sayi goro mai kyau, ya tafi ɗakin nan na bayan asibiti, ya tsuguna gaban saurayin da ya kira yaro, ya ce a koya masa. Saurayin Kirista ne, ba ya ma cin goro, amma ya karɓa. Wata huɗu maigidana yana zuwa yana zama a kan ɗan benci, yana miƙa guduma, yana share ƙasa, mutumin da ke da nasa shagon da nasa suna. Abokansa na masallaci suka yi ta tsokanarsa, wai ya koma makaranta da gemu. Ya ce musu durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ya yanko gwangwani ya yi ma'aunin karkatar, ya rataye shi a ƙusa ɗaya da basillarsa.

Daga nan duk takalmin da yarinya ta sa shi ya ɗinka. In ƙafa ta girma ya yi sabo, ya kai wa saurayin ya duba kafin a sa mata. Da ta fara tafiya aka ce sai lokacin barci kawai, haka muka yi har ta kusa shekara huɗu, tana kuka muna ɗaurewa. Asibitin ma suka riƙa turo masa iyaye in kayansu sun yanke. Sai ga shagon mutumin da ba ya iya ganin kalanda a karkace ya cika da 'yan takalma masu kallon gabas da yamma. Duk uban da ya zo karɓa, sai ya riƙe hannunsa ya ce, "Za ka ga kamar kuskure ne. Kar ka taɓa. Ni na taɓa."

Yarinya ta taka, ta yi gudu, ta shiga makarantar allo da ta boko. Amma hankalinsa bai kwanta ba, don an gaya mana ƙafar takan koma ko bayan shekaru. Baduku kuwa a ƙasan takalmi yake karanta tafiyar mutum. Duk Juma'a in ya dawo daga masallaci, sai ya ɗauki takalmanta a bakin ƙofa ya kifa su, ya shafa gefen waje da babban yatsa, ya ga ko nan ne ke cinyewa kamar na mai agogo. Sannan ya ajiye. Tun takalmin bai tsufa ba yake canza mata wani, saboda haka bai taɓa samun amsar da ta gamsar da shi ba.

Shekarar da ta cika bakwai ya yi tafiya gida ganin mahaifiyarsa, ya yi wata biyar. Yarinya ta samu sake, ita da ƙawayenta suna tsalle-tsallen ampe daga safe har magariba, wasan nan na 'yan mata na tafi da buga ƙafa. Ran da ya dawo ina cikin yi mata faɗa, da takalmin a hannuna, don ta huda shi. Na ce masa, "Ga 'yarka nan, ta cinye takalmi kamar ɓera."

Ya ajiye jakarsa bai ko sha ruwa ba. Ya karɓa, ya kifa, ya shafa gefen waje, yana nan da kaurinsa. Ya ɗauki ɗayan, haka. Hujin yana tsakiya, daidai inda tafin ƙafa ke taka ƙasa. Ya ɗaga takalmin sama yana leƙen rana ta cikin hujin, sai na ga hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "A tsakiya ta ci. Kin gani? A tsakiya."

Na tsuguna a gabansa, a tsakar gida, gaban Mma da matan da suka ce ba ni da kara. Na ce, "Malam, maganar da na faɗa maka a bakin titi, ka yafe mini."

Ya ce, "Wace magana?" Ya san ko wacce ce, ni ma na san ya sani.

Na ce to ya kawo takalmin in kai masa shago ya toshe hujin. Ya sa shi a aljihun rigarsa, ya ce wannan kam ba mai gyara shi.