Mazaunin Kwalaben Jini

Ina aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Tsafe, sai ƙanen maigidanmu ya zana mana mazaunin roba na jera 'yan kwalaben jini. A ofishinsa na Gusau ya zana shi, ƙarƙashin fanka, yana hura hanci. Zurfin guraben ko gaɓar yatsa bai kai ba. Mu kuwa a babur muke ɗauko jini daga Kucheri. Muna faɗawa ramin farko, kwalabe suka tarwatse. Dole muka koma muka sake tsira wa bayin Allah allura.

Da na kai masa kuka, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Malam, laifin hanya ne."

Na ce, "To, ranka ya daɗe, sai ka zana mana hanyar."